Tukunya Nawa Ake Ɗorawa?

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Allah ya ƙara lafiya da basira. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba mai riƙe ta.

Na ga a saƙonka kai ma ka ɗauka ƙidayar gwamnati Autarmu take yi. Haka kowa ke zato, Kawu ma kullum tambayarta yake yaushe za a fara rabon kaya. Ƙungiyarsu ba ta gwamnati ba ce, ba kuma riba take nema ba. Bincike suke yi a kan yawan jama'a, haihuwa da ƙaura, su sa a intanet kyauta kowa ya ɗauka.

Ka san shekara uku muna roƙon ƙarin azuzuwa a makarantar da nake koyarwa, yara casa'in a ɗaki guda, wasu a kan taga. Amsar ofishin ilimi ba ta canzawa: alƙaluman ƙungiyar sun nuna gida ɗari uku ne kacal a unguwar. To, Auta tana wata biyu da fara aiki aka ba ta tsofaffin takardu ta duba, sai ta ci karo da gidanmu: mutum shida! Ta ce dariya ce ta fara kama ta, don da masu haya mu ashirin da ɗaya ne. Ashe “gida” kawai takardar binciken ta ce a ƙirga, sai masu bincike suka riƙa ƙirga ƙofar waje, wanda ya buɗe kuma ya lissafa iyalinsa kawai.

Kwana biyu ta yi tana tsoron a ce daga zuwanta jiya har ta fara gyara wa manya aiki. A na uku ta shiga wurin shugabarsu, ta ce a bar tambayar gida, a tambayi tukunya nawa ake ɗorawa. Shugabar ta cire tabarau ta ce ta maimaita. Aka sake zaga unguwar, iyali dubu da ɗari ɗaya suka fito. Suka wallafa gyaran, suka amsa kuskurensu a fili. Ni na buga shafin na kai ofishin ilimi da hannuna. Jiya tifa ta sauke mana yashi a harabar makaranta, na tsaya a aji ina gaya wa yara ƙanwata ce ta jawo.

Kai ma gwada a benen da kake haya: ƙirga ƙofa, sannan ka ƙirga tukunya, ka rubuto min abin da ka samu.

Kawu da Auta suna gaishe ka. Ka gaida min Baffa da Gwaggo idan ka leƙa su. Inna ta ce kada ka sa kanka a lissafin can, don har yau da kasonka take auna tukunyarta.

Taka har kullum,
Yayarka