Gardama a zaman makokin Baba

Daren Laraba, Abakpa

Kunya ta hana ni barci. Yau na je zaman makokin mahaifin abokina Nasiru a Hayin Banki, tsautsayi ya haɗa ni tabarma ɗaya da Bala na ofishinmu. Ya raɗa mini wai ƙananan kwamfutocin hannun da za su fito, manhajar kwamfutar ofis za a sa musu. Na ce ina! Abin da bai wuce tafin hannu ba, manhajar waya ce daidai da shi. Ko ganinsu ba mu yi ba, muka yi ta ja. Ban lura an ɗaga hannu ana addu'a ba, sai muryata kaɗai aka ji: "Wallahi batirin ba zai kai azahar ba!"

Ba wanda ya waiwayo. Da ma zagina aka yi.

Nasiru ya rako ni bakin ƙofa, idonsa jawur, ya ce, "Idan kwamfutocin sun fito ka zaɓa mini." Gori ne ko wasa, ban sani ba.

Allah Ya jiƙan Baba. Ya sha goya mu ni da Nasiru a babur zuwa makaranta, yau ko amin bai samu daga bakina ba.