Rubutun da Motar Baba Ta Sha

Gwarzo, 4 ga Maris, 2002

Zuwa ga ƙanwata Badi'a,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da karatu. Baba da Umma da kakarmu Inna Ladidi duk suna gaishe ki.

Bayan haka, labarin babu daɗi. Bas ɗinmu ta tsaya. Ranar Laraba na ɗauko fasinja daga Getso, ban kai gari ba na ji injin yana ƙara kamar ana daka a turmi, kafin in gangara gefen titi ya buga. Wata huɗu kacal da fito da ita, ko ledar kujerun baya, inda mata suke zama, ban cire ba. Kin san matsayin motar nan a gidanmu. Tun da aka rage su Baba daga ƙaramar hukuma, kuɗin sallamarsa gaba ɗaya ita ta cinye, kuma ita take ci da mu, har da makarantarki.

Mun ja ta zuwa Kano wurin dillalin, Alhaji Yelwa, tunda akwai garantin shekara guda. Ranar da muka saya har lemo aka ba mu, wannan karon awa uku muka yi a benci. Da makanikai suka zubar da ruwan lagireto sai ga shi baƙi. Manajan ya ce mun zuba wa mota abin da kamfani bai yarda da shi ba, saboda haka garanti ya tashi. Na ce ruwan rijiyar gidanmu kaɗai ta taɓa sha, kuma ni nake ba ta da hannuna.

Baba ya kai ƙara kotun Shari'a, an sa ranar sha takwas ga wata. Ya ce zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani a kan maganata. Kafin nan yana so ki rubuta wa manajan takarda da Turancin nan naki, ki ce ba abin da ya taɓa shiga lagireton sai ruwa. Ga littafin garantin nan na haɗo miki.

Naki,
Uzairu

Kabo, 7 ga Maris, 2002

Zuwa ga Yayana Uzairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan makaranta. Na samu wasiƙarka ranar Talata, na karanta sau uku, na kasa zuwa ɗakin cin abinci.

Yaya, ba zan iya rubuta takardar nan ba. Ba ƙi na yi ba. Abin da zan faɗa a ciki ba gaskiya ba ne, kuma daga ni sai Inna muka sani.

A hutun ƙaramar Sallah, wata safiya da kuka tafi gaisuwar mutuwa kai da Baba, Inna ta kira ni ƙofar gida. Tana riƙe da kwalbar rubutu da ta karɓo wa motar daga wurin malaminta, don tsari daga hatsari. Ta ce wanda aka yayyafa mata ranar da aka kawo ta, washegari ka wanke shi da sabulu. Ta ce mutum shan rubutu yake yi, to mota ma ta sha. Ta tambaye ni ina bakinta, na nuna mata inda na ga kana zuba ruwa. Ni na buɗe murfin, ni na juye kwalbar. Ta ce kada in gaya maka, dariya za ka yi mata.

Don Allah kada ka bar Baba ya dafa Alƙur'ani. Na san in ya ji ba zai rantse ba, in kuma bai rantse ba ƙila mu rasa motar, ni kuma in dawo gida ban yi jarrabawa ba. Kwana biyu ina juya wannan a raina. Gara in dawo gidan.

Ba zan iya faɗa wa Baba da kaina ba. Ka taimaka ka faɗa masa, ka kuma roƙa mini gafara.

Ƙanwarka mai biyayya,
Badi'a Bashari

Gwarzo, 11 ga Maris, 2002

Malama Badi'a, likitar motoci,

Ina gaisuwa. Da na karanta takardarki, da kina kusa da kin sha rankwashi. Daga baya na tuna ni ma na taɓa ganin ruwan ya yi duhu na ce tsatsa ce, sai na rage fushi.

Shekaranjiya na sami Baba a zaure bayan la'asar na karanta masa. Ya cire hularsa ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya tambaye ni saura kwana nawa a shiga kotu. Na ce tara. Ya ce Alhamdu lillahi, har sau uku. Yau da safe ya je ya janye ƙarar.

Inna kuwa ko a jikinta. Ta ce da ni, "Kai maigidan, injin ya buga, ko akuya ka taka? Wani ya ƙwarzane? To rubutu ya yi aikinsa." Amma Umma ta ce tun ranar ba ta taɓa goronta ba.

Baba ya ce ki rubuta takardar duk da haka, ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru, zai sa hannu. Ni dai ban ga abin da za ta tsinana ba. Na fara neman wanda zai ba ni tuƙi a tasha.

Uzairu

Kabo, 13 ga Maris, 2002
Kwafin Hausa, domin a karanta wa Inna

Zuwa ga Manaja,
Kamfanin Motoci na Alhaji Yelwa, Kano.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina janye maganar da muka yi a ofishinka cewa ruwa kaɗai aka zuba a lagireton motata. Ban sani ba a lokacin. A watan Disamba iyalina sun zuba kwalba guda ta rubutu a ciki da kyakkyawar niyya. Rubutu ruwa ne da aka wanke allo da shi, tawadarsa kuma gawayi ce da ƙaro. Ga kwalba irinta nan na aiko domin ku gwada.

Shafi na shida na littafin garanti ya ce garanti yana tashi ne idan abin da mai mota ya yi shi ne ya jawo lalacewar. Har yanzu ba wanda ya buɗe injin, ruwan kawai aka gani. Ina roƙon a buɗe shi a gabanmu da gaban injiniyan kamfanin da ya shigo da motar. Idan rubutun ne ya kashe shi, zan ja motata in tafi, ba za ku ƙara jin bakina ba. Idan ba shi ba ne, ina roƙon ku cika alkawarinku.

Naku cikin girmamawa,
Malam Bashari Gwarzo

Yaya, na karanta littafin nan kaf har sau biyu da ƙamus. In Baba ya ga da rashin kunya a ciki, a gyara.

Gwarzo, 26 ga Maris, 2002

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, kuma ki zauna kafin ki karanta.

Da muka kai takardar, yaran gareji har da riƙe ciki, ana ta nuna kwalbar. Manajan ya so ya sallame mu, sai Alhaji Yelwa da kansa ya shigo ya sa aka karanta masa ta Hausar. Ya ce shekara ashirin yana sayar da mota, bai taɓa ganin wanda ya kawo shaida a kan kansa ba. Ya ce a buɗe.

Ranar Alhamis aka buɗe a gaban injiniyan. Hanyoyin ruwa fes, ba abin da ya toshe. Famfon baƙin mai ne ya tsage tun daga masana'anta, mai ya daina zagayawa, injin ya ci kansa. Injiniyan ya ce tamu ce ta uku a cikin waɗanda aka shigo da su tare. Za a sa sabon inji, ba za mu biya komai ba.

Ga kuma wani labarin. Shugaban makanikan, wani dattijo Malam Sajo, ya ja Baba gefe ya ce tun ranar farko da ya shafa ruwan a yatsa ya san rubutu ne, don ba tamu ce ta farko ba. Kuma shi Malam Sajon ne manajan ya shirya kaiwa kotu ya ba da shaida. Ki duba, da Baba ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, sannan wannan ya miƙe.

A hanyar dawowa muka biyo ta Kabo. Baba ya leƙa ta taga wajen makarantarku, ya ce, "Yarinyar da ko gaishe ni sai ta sunkuyar da kai."

Inna ta koma cin goronta.

Yayanki,
Uzairu

Gwarzo, 2 ga Afrilu, 2002

Badi'atu,

Bayan gaisuwa, motar ta dawo jiya, lafiya lau. Babu gafarar da za ki nema wurina. Allah Ya yi miki albarka.

Za mu zo ranar ziyara in sha Allahu, a cikinta. Kakarki ta ce da ita za a zo, kuma ta riga ta karɓo wata kwalbar, ta jarrabawa. Na gaya mata wannan a hannunki za ta ba ki, a gabana za ki sha. Uzairu ya ce shi dai yana nan tsaye a gaban mota har mu gama.

Ki riƙe karatunki.

Mahaifinki,
Bashari