Ƙwayoyin da Na Kai wa Kaltume

Talata, 4 ga Oktoba, 1994

Yau aka sa ni cikin gwajin sabon maganin dajin mama a asibiti. Ƙuri'a ake yi: rabi su sha sabo, rabi tsoho, a ga wanda ya fi. Sabon ya faɗo kaina. Kaltume 'yar unguwar Abakpa, wadda muke zama benci ɗaya, tsohon ta samu. Likita ya ja mana kunne, kada wata ta sha na wata. Na ce to, don dai ya yi shiru.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Amai har na gaji. Tuwo ma warin ƙarfe yake min.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Ikon Allah! Ƙullutun da ya kai ƙwan kaza ya koma kamar goro. Ina ta laluba a banɗaki. Ƙwaya ƙarama kamar wake, ta yaya ta san inda ciwon yake?

Kaltume kuwa sai ramewa.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Abin ya tsaya min a rai. A wajenmu Unguwar Sarki ko maganin ciwon kai ka samu mai kyau sai ka gutsura wa maƙwabci, balle wannan. Na ƙulle rabin ƙwayoyina a bakin zani. Likita ya yi ta kansa.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Na je Abakpa. Ta kwance ƙullin, ta daɗe tana kallo, ta mayar min.

"Yaya Hansai, ciwon nan shi ya ɗauke innarmu. Ga ni. Ga 'yata Rahmatu tana tasowa. In muka cakuɗa musu, wa zai san wanda za a ba ta?"

Na yi faɗa, na yi kuka. Ta ce in sha a gabanta. Ni da na je ceto, ni aka miƙo wa ruwa a moɗa. Ban taɓa ganin zuciya irin wannan ba, wallahi har tsoronta na ji.

Juma'a, 16 ga Disamba

An kwantar da ita. Ba ta gane ni ba.

Litinin, 9 ga Janairu, 1995

Sadakar ukun Kaltume. Rahmatu ce ke zagawa da tabarmi, doguwa, sak uwarta. Na kasa ce mata komai sai "Allah ya ba da haƙuri."

Na dawo na zauna da ƙwayar a hannu. Haushin Kaltume nake ji har yanzu, ban yafe ba tukuna. Amma da na yi bisimilla zan haɗiye, sai na ji bakina yana roƙa wa yarinyar, ba ni ba.