Kifin Alhaji Dikko a Ɗakin Saba

Birnin Kebbi

Zuwa ga Kawu Maigandi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. Inna ta warware sarai, har ta je Augie ta ga albasar bana, ta dawo tana ta yabo.

Kawu, Inna ta isar mini da saƙonka, cewa in je in durƙusa in ba Alhaji Dikko haƙuri, tunda amininka ne kuma albarkacinka ya ɗauke ni aiki a ɗakin gwajin jininsa. Na ji. Amma ka ji nawa ɓangaren, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Aikina shi ne kula da saba, babbar na'urar da ke riƙe da sakamakon gwajin duk wanda ya zo mana, nan da reshenmu na Argungu. Zafi ke kashe ta, shi ya sa ɗakinta kaɗai ke da sanyi dare da rana. To, Alhaji ya gano haka. Duk sanda aka kawo masa ɗanyen kifi daga Argungu, sai ya sa a jibge kwandon a ciki, wai kafin a tashi aiki. Sau uku ina yi masa magana cikin ladabi, yana dariya yana cewa ai ƙarfe ba ya jin ƙarni.

Ranar Talatar da ta wuce aka ɗora kwandon bisa akwatin saba kanta. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya bi ta ciki, komai ya mutu ɗif! Kawu, da ka ga wata mata daga Gulma, da ɗanta a goye jikinsa rau da zazzaɓi, likita na jiran sakamako, mu kuwa babu abin da za mu miƙa mata. Wallahi na ji kunya, na kuma ji haushi. Allah ya sa kullum nakan tura kwafin komai zuwa wata ƙaramar na'ura a Argungu, abin da Alhaji ke kira ɓata lokaci. Na hau mota na ɗauko ta, ni da abokiyar aikina Kezia muka tayar da aiki bayan la'asar, matar ta karɓi takardarta.

Washegari na sa wa ɗakin kwado. Alhaji ya aiko a karɓi mabuɗin, na ce a gaya masa duk sanda zai shiga zan buɗe masa da hannuna, amma kifi ya gama shiga. Shi ne ya ce na raina shi, ya ba ni zuwa Litinin: ko mabuɗi ko aikina.

Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba, kuma ina tsoron zaman gida. Amma Kawu, wa ya hana a buɗe rumbun iri shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa? Har Kaka ta yi fushi da kai wata guda, ka ce iri ba na ci ba ne. Da damina ta zagayo, rumbunmu ne ya ba rabin unguwa iri. Ina ƙarama, amma ban manta ba. In an kore ni, zan rubuta wa wanda zai gaje ni komai dalla-dalla, in tafi. Haƙurin ne ba zan bayar ba, don ban yi laifi ba.

A gaishe da Gwaggo Nana, da Abdussamadu, da Kausar sarkin surutu. Inna na gaishe ku. Mabuɗin yana wuyana, Kawu, da irin igiyar da kake rataye na rumbun iri a wancan lokacin.

Taka ɗiya mai jin maganarka,
Sharifa