Baba, Na Zaɓa wa Barkono Birki

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani bakanike, wanda ya riga mu gidan gaskiya a garin nan na Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya kai haske makwancinka, ina sanar da kai cewa Mama tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Yaya Habibu ma lafiya lau, ya ƙara ɗa, ya kuma ƙara tumbi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, masu bibiyar shafina ne za su karanta ta. Su yi haƙuri da Hausar 'yar unguwar Mansur. Kai ka hana mu yi maka Larabci a cikin gida, don haka da Hausa zan ba ka labari.

Labarin Barkono ne, jar motarka mai ƙofa biyu da kujera biyu, ƙirar shekarun saba'in. Ka tuna ranar da ka jawo ta da igiya daga bayan wani gida a unguwar Rusaifa, tayoyinta a kwance, kyanwa ta haihu a kujerar direba? Mutanen layinmu suka fito suna dariya, wai Malam Sani ya sayo wa kaji akurki. Ka yi ta binta a hankali, yau wannan ƙarfe, gobe wancan waya, har ranar da ta yi gurnani ta farka. Waɗanda suka yi dariyar su ne suka dawo roƙon a ɗauke su hoto a jikinta.

Ban taɓa ganin mutum mai tsantseni a kan kayan asali kamarka ba. Madubin gefe ɗaya ya sa ka fi shekara kana zirga-zirga a tashlih, filin nan da ake farke matattun motoci a sayar da sassansu. Ana nuna maka sabo mai sheƙi, kana girgiza kai. Maganarka ɗaya ce: "Abin da ba a haife ta da shi ba, ba zai hau jikinta ba." Da Yaya Habibu ya manna mata sitikar ƙungiyar ƙwallonsa a gilashin baya, ba ka dake shi ba. Ruwan ɗumi ka ba shi da tsumma, ka zauna a kujera kana kallonsa har ya goge ta tas.

Ni kuwa aikina a jikinta ɗaya ne, kuma ina alfahari da shi. Duk lokacin da ka canza man birki, sai an fitar da iskar da ta shiga bututun, aikin kuma ba ya yiwuwa sai da mutum biyu. Kai kana kwance a ƙasa wajen taya, ni ina zaune a kujerar direba, muryarka tana fitowa daga ƙarƙashin motar: "Taka. Riƙe. Saki." Haka za mu yi ta yi har birkin ya daina laushi, ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafata. Sai ka fito kana goge hannu, ka ce, "Sauko, Uwata, ta yi." Sunan mahaifiyarka na ci, shi ya sa ba ka taɓa kiran sunana ba.

Kullum da kalmar nan ta "sauko" aikina yake ƙarewa, don a lokacin mace ba ta tuƙi a ƙasar nan. Kana tsokanata cewa duk Makka babu macen da ta kai ni taka birki, kuma babu wadda ta kai ni rashin zuwa ko'ina. Ina dariya, amma wallahi, Baba, abin yana ci min rai.

Bayan rasuwarka muka lulluɓe ta da tamfol. Babu mai ƙarfin zuciyar ɗaga shi. Sai ga shi bara an ba mu mata izinin tuƙi. Na je makaranta, na faɗi gwaji sau ɗaya, na koma na ci. Ranar da lasisi ya shiga hannuna ban wuce ɗaki ba, tsakar gida na nufa na yaye tamfol ɗin.

Malam Isuhu, mutumin Maraɗi da ya gaji wurin aikinka, shi ya zo ya duba ta. Injin bai ba shi wahala ba, ka bar shi da lafiyarsa. Amma tayoyin gaba sun ƙi juyawa. Ya ce kaliba ce. Ga wanda bai sani ba, ita ce ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke bayan taya, wanda yake damƙe faifan da taya ke juyawa da shi idan an taka birki. Dogon zama ya sa tsatsa ta cinye cikinsu duka biyun, har ba a iya gyarawa, sai dai a sake.

A nan rigima ta tashi, Baba. Akwai wani dattijo ɗan Jidda mai tara tsofaffin motoci, mutumin kirki, ya daɗe yana bin Yaya Habibu a sayar masa da Barkono. Sharaɗinsa shi ne a sa mata kaliba irin ta kamfani, ta shekarar da aka ƙera ta, ko da tsohuwa ce aka sabunta mata roba. Zai ajiye ta a ɗaki mai sanyi, a riƙa goge ta, ba za ta sake taka kwalta ba. Ni kuma so nake in tuƙa ta, a garin da rabin titunansa gangara ne, don haka sabon birki mai ƙarfi nake nema, ko na wace mota ne. In aka sa ta asali, motar ta tafi Jidda. In aka sa tawa, ɗan Jidda ya fasa, motar ta zauna a hannuna.

Yaya ba mugunta yake yi ba, kar ka ga laifinsa. Tsoro yake ji in kashe kaina a cikin motar da ta girme ni, kuma gani yake yi babu karramawar da ta fi a adana aikinka yadda ka bar shi. Muka kai maganar gaban Mama, ta saurare mu har muka gaji. Hukuncinta gajere ne: "Ku yi abin da babanku zai yi."

Da jin haka na san an kayar da ni. Wa bai san abin da za ka yi ba? Mutumin da ya shekara yana neman madubi ɗaya, shi zai yarda a ɗaura wa Barkono birkin wata mota? Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ce wa Yaya ya nemo na asalin. Ɗan Jidda da kansa ya taya shi nema, aka samo guda biyu, hagu da dama, aka wanke su aka sa musu sabuwar roba.

Ranar ɗaurawa na je, don in yi mata sallama. Malam Isuhu ya kwance tsofaffin, ya ɗauko ta asalin ya kara a mazauninta. Ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Ya juya ta, ya gwada ɗayar, ya koma ɗaya gefen. Haka dai. Yaya ya fara faɗan cewa mutanen tashlih sun cuce shi. Malam Isuhu ya ɗauki tsohuwar da ya cire ya ajiye kusa da wadda aka kawo. Ko ni na ga bambancin: taka ta fi girma, ta fi kauri nesa ba kusa ba.

Sai ya sa wuƙa ya kankare baƙin fentin da ke bayan faifan. Wani farantin ƙarfe ya bayyana, mai kaurin yatsa, an yanka shi da hannu, an huda shi daidai yadda babbar kaliba za ta zauna a mazaunin ƙarama. Ga sawun zarto nan a gefensa, a jere, babu wanda ya karkace. Malam Isuhu ya shafa shi da babban yatsa ya ce, "Wanga aikin maigida na. Ko cikin duhu na taɓa shi, na san hannunai." Kalibar wata babbar mota ce mai nauyi ka ɗaura mata, faifan ma ashe na waccan ne, ka shafe su da baƙi don kada ido ya kai. An yi haka tun kafin shi ya fara aiki a wurinka.

Baba, nan take na tuna lokacin.

Ina 'yar shekara goma sha wani abu ka ɗauke ni zuwa Ɗa'ifa, ni da kai, tunda kujerun biyu ne. A dawowa muka biyo hanyar dutsen nan mai lanƙwasa, birai suna zaune a bakin titi, ni ina ta ƙirga su ina surutu. Can sai na ji wani ƙauri kamar an manta tukunya a wuta. Na ga ƙafarka tana taka birki tana sake takawa, hannunka yana sauke giya, sannan ka miƙo shi ka dafe ƙirjina da kujera. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Da muka samu fili ka gangara gefe, motar ta yi ta tafiya a kan tsakuwa kafin ta yarda ta tsaya.

Ba ka ce min birki ya ɗauke ba. Cewa ka yi, "Barkono ta gaji, bari ta huta." Ka saya min masara gasassa a wurin wani mai tebur, ka koma bayan wani dutse ka yi sallah raka'a biyu, alhali ba lokacin sallah ba ne. Da muka dawo gida ka yi kwanaki a ƙarƙashinta, ka hana kowa zuwa kusa, sai da aka zo fitar da iska ka kira ni.

Ashe ni na taka maka wannan birkin ranar farko, ban san me nake takawa ba. Dokarka da ba ka taɓa sassauta wa kowa ba, kai ka karya ta da hannunka, a wuri ɗaya tak, ka kuma rufe bakinka har ka koma ga Allah. Ka bar mutane suna yabonka a kan madubi da fitila, alhali aikinka mafi kyau yana bayan taya inda ba mai gani. Ban san yadda zan gaya maka girman da ka ƙara a idona ba.

Na ba Yaya labarin a wurin. Ya daɗe yana shafa farantin ƙarfen da hannunsa. Ka san shi, in abu ya taɓa shi Hausarsa guduwa take yi. "Halas, ya ukhti," kawai ya ce, wato shi ke nan 'yar'uwata, ya fita waje ya kira ɗan Jidda ya ba shi haƙuri. Dattijon da ya ji dalili, sai ya yi maka addu'a, ya ce a bar wa yarinya motar babanta.

Zaɓen bai yi wuya ba daga nan, amma na yi shi yadda ka koya min. An kawo min wasu marasa suna masu araha, na ɗaga na ji ba nauyi, na mayar. Yaya, da ya tashi tuba sai ya wuce gona da iri, ya kawo wasu jajaye masu ƙyalli irin na motocin tsere, wai sun dace da launinta. Malam Isuhu ya gwada, ba sa shiga cikin tayoyinta sai an canza su, ni kuma ba zan taɓa tayoyin da ka sha wahalar nema ba. Na sa aka nemo sababbi irin waɗanda ka zaɓa, na babbar motar nan, har yanzu ana ƙera su. Guda biyu na ɗauka, don ka sha faɗa cewa ba a yi wa birki gyaran ƙafa ɗaya. Na duba da idona cewa bakin fitar da iska yana sama a kowane gefe. Suka zauna a kan farantinka kamar don shi aka yi su.

Abu ɗaya na saɓa maka: ban shafa musu baƙin fenti ba. Duk wanda ya leƙa ya tambaya, ina so in samu dalilin ba shi labarinka.

Da aka zo fitar da iska, Yaya ya karɓi sifana daga hannun Malam Isuhu, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa da tumbinsa. Na hau kujerata. Sai na ji daga ƙarƙashin motar, da muryar da ta ɗauko taka har ta ba ni tsoro: "Taka. Riƙe. Saki." Muka yi ta yi har birkin ya yi tauri. Ya fito yana goge hannu, ya ce ta yi. Na kama murfin ƙofa zan buɗe, don jikina ya saba da kalmar da ke biyo baya. Ba wanda ya faɗe ta. Yaya ya zagaya ya shiga ɗaya kujerar, ya miƙo min makulli.

Wurinka muka fara zuwa. Ka san ba a barin mata su shiga maƙabarta a nan, tun ranar da aka kai ka ban taɓa matsowa kusa ba. Titin yana da 'yar gangara kafin a kai katangar. Na sake ta ta ɗan yi gudu, sannan na taka. Baba, ta tsaya cak, ba ta ja hagu ba, ba ta ja dama ba. Yaya ya shiga ya yi maka sallama a madadinmu, ni kuma na zauna a bakin katanga, injin yana gurnani yadda za ka ji, ƙafata a kan birki.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sani. Yadda ya dafe ni a kan gangara bai bar ni na ji tsoro ba, ka dafe shi a kan siraɗi. Ka yalwata kabarinsa, ka karɓi aikinsa na fili da wanda ya ɓoye, ka haɗa mu a gidan da babu rabuwa. Amin.

Na riƙe, Baba. Ban saki ba.

'Yarka,
Hadiza, wadda kake kira Uwata
Mansur, Makka