Jihar da Sani Ba Ya So In Zauna

Assalamu alaiki, Hajiya. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, ina rubuto miki ne daga Kuala Lumpur, gidan ɗanmu Sani a unguwar Sentul, da wannan rubutun nawa na makarantar yamma da kika sha yi wa dariya.

Albishirinki! Matarsa Rabi ta sauka lafiya, mace, an mayar da sunanki. Jidda ake kiranta. Goshinki ne sak. Ranar suna abokan karatun Sani suka cika gidan, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa, har wata maƙwabciya 'yar ƙasar nan ta riƙa tura mini faranti tana cewa makan, wai in ci.

Amma akwai abin da yake damuna, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Na rufe shagonmu na Fatakwal. Ƙafa ta gaji. Niyyata in koma Arewa, in kafa ɗan injin niƙa a ƙofar gida, in riƙa sallah a sahun gaba. Saura in zaɓi jiha. Na ce Gombe, tunda can kwalejin da ta turo Sani karatu take, can zai koma aiki idan ya gama.

Hajiya, tunda na ambaci Gombe yaron nan ya zama masanin haraji. Wai masu karɓar haraji ba za su bar injina ya huta ba. Wai zafi. Wai Kaduna ta fi, ga asibiti, ga filin jirgi. Washegari kuma Jos ce, saboda sanyi da kayan lambu. Yaushe Sani ya taɓa biyan harajin injin niƙa? Kowace jiha tana da daɗi a bakinsa, ban da wadda ake jiransa a cikinta.

Kin tuna yana ƙarami, idan ya fasa abu, shi ke fara kawo miki ruwan alwala? Kikan ce ladabin Sani idan ya yi yawa, a duba bayan ƙofa. To, na duba. Sabon firji sun saya, ya fi ni tsawo. Manyan akwatunan da kika haɗa wa Rabi an bayar da su. Yayan Jidda kuwa, in na ce zo nan, sai ya ce mini boleh, wato "to" da yaren ƙasar nan. Ranar da na raka Sani jami'arsu da ke titin Jalan Semarak, na ga yadda wani malami ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Ban ji me suka ce ba, amma na yi kasuwanci, na san irin riƙon hannun da ake yi idan an gama ciniki.

Wataƙila zargi ne kawai irin na tsufa. Sai dai ina tsoron takwararki ta girma ba ta san ɗanɗanon tuwon da aka niƙa a ƙofar gidan kakanta ba.

Don haka na yanke: Gombe, kuma kusa da ƙofar kwalejin. Duk harajin da suka yanka zan biya. Kowace safiya abokan aikinsa za su wuce su tambaye ni yaushe Malam Sani zai dawo, ni kuma kowace yamma in buga masa waya in isar da saƙo. Ban gaya masa ba tukuna. Sai Rabi ta yi arba'in.

Allah Ya jiƙanki, Ya raya Jidda, Ya juyo da zuciyar ubanta gida ina da rai.

Naki har kullum,
Malam