Koren Gishiri a Bayan Rijiya

Ikko, watan Safar

Daga Kailani zuwa ga ƙanena Gwadabe, majemi a Tudun Wada. Gaisuwa da fatan alheri.

Bayan haka, a bakin wani falke na ji ka bar jima da bagaruwa, ka koma koren gishirin nan na Turawa. Kai ba ka ga dama ka gaya mini ba, halinka ne. Ni dakon fata nake yi a nan, na ga abin da gishirin ke yi wa hannun mutane, gyambo mai rami, ba ya jin magani. An kuma ce ramin da kake zubar da ruwan jima yana bayan rijiyar gida, inda 'yata Zinatu da ke hannunka ke sha. Ku daina shan ruwan sai an gwada. In ba haka ba, bayan salla zan aiko a ɗauko ta. Wassalam.

Tudun Wada, watan Gani

Yaya Kailani, gaisuwa da ban girma.

Takardarka ta iso da zafinta. Gwaggo Atika ta ɗanɗana ruwan, ta ce garau yake, wai rijiyar da Baba ya haƙa ba ta cutar jininsa. Ban tsaya ga harshenta ba. Na kamo 'yan tarwaɗa a rafin Kubanni, na raba su tukunya biyu, ɗaya ruwan rijiya, ɗaya na sirka da ruwan rami. Na ramin, kafin la'asar duk sun juya ciki sama. Na rijiya har yau suna iyo, Zinatu na ba su tsaki.

Hankalina bai kwanta ba, na kai wa wani likita Bature ruwan rijiyar a kwalba. Ya ɗiga magani, ya ɗaga ta ga rana, ya ce wa tafinta, "Gishirin bai shiga ba tukuna, amma damina za ta kai shi." Na kwashe ƙasar ramin, na mai da jimar bayan gari, na koma bagaruwa. Masu sayen fatar kamfani sun juya mini baya. Ba komai. Yarinya lafiyarta ƙalau. Allah ya sada mu da alheri.

Ikko

Gwadabe, gaisuwa.

Alhamdu lillahi. A tsaye na fara karatu, sai da na nemi wurin zama. Ɓacin ran da ke tsakaninmu yana nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka yi abin da ni kaina ban tabbata zan iya ba. Na fasa aikowa a ɗauko yarinya. Zinatu ta zauna wurinka.

Yayanka, Kailani.